'Yata ta iya canji a shago, amma lissafin makaranta yana sa ta kuka

Assalamu alaikum, Malama. Ni mazauniyar Aboabo ce a Kumasi, ina da ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gida. 'Yata shekararta 9, tana aji huɗu. In na bar mata shago ba ta taɓa yin kuskuren canji ba, amma a makaranta lissafin sau da na rabawa sun gagare ta. Ta haddace jadawalin nan na bayan littafin rubutu, tana rera shi tiryan-tiryan, amma in aka ce mata 7 sau 8 sai ta koma tun daga 7 sau 1. Rabawa kuwa, da ta ga alamar sai hawaye. Babanta ya ce wasa ne ya yi mata yawa, yanzu da bulala a gefen tabarma yake yi mata bita. Ni a aji shida na tsaya, ban san yadda zan taimake ta ba. In biya mata kuɗin darasin yamma ne, ko kuwa kanta ne ba ya ja?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka.

Yarinyar da za a miƙa wa sidi 20, a ɗauki sabulu biyu da ashana, ta mayar da canji daidai ba ta taɓa biro ba, ba a ce kanta ba ya ja. Ki cire wannan maganar daga gidan tun yau, kada ta ji ta a bakin kowa. Yaron da ya ji ana cewa ba shi da kan lissafi yakan daina ƙoƙari tun kafin ya gama karanta tambayar, kuma wannan ya fi 7 sau 8 wuyar gyara.

Abin da ya same ta ya samu yara da yawa, kuma kin ba ni alamarsa da kanki. Ta haddace sauti, ba ta san abin da sautin ke ɗauke da shi ba. Kin san yaron makarantar allo da za a ja masa aya daga tsakiyar sura ya tsaya cak, sai ya koma daga bisimilla ya gangaro sannan ya same ta? To haka 'yarki take da jadawalin. A wurinta 56 ba adadin komai ba ne, kalma ce da ke zuwa bayan 49 a cikin rerawa. Shi ya sa rabawa ke sa ta kuka, domin rabawa tana bukatar a shiga jadawalin ta baya, ita kuwa ƙofa ɗaya ta sani.

Manhajar da NaCCA, hukumar tsara manhajar karatu ta Gana, ta tsara, wadda makarantun firamare suka fara aiki da ita a 2019, ta sa a fara sau da rabawa a aji uku da ƙananan lambobi, zuwa 5 sau 5, ana yi da abin da yaro zai taɓa ya jera, sannan a aji huɗu a kai 12 sau 12. A takarda tsarin ya yi kyau. A ajin da yara suka cika maƙil, malami ɗaya, alli ɗaya, abin da ya fi sauƙi shi ne a ce kowa ya miƙe a rera. Ban ga laifin malamin ba sosai, amma matakin taɓawa da jerawa shi aka tsallake wa 'yarki, kuma shi ne ke za ki iya mayar mata, don kayan aikin suna cikin shagonki.

Ɗauko kiret ɗin ƙwai wanda ba kowa a ciki. Gurbi 30 ne, layi 5 kowanne da gurbi 6. Kada ki gaya mata. Ki ce ta faɗa miki gurbi nawa ne ba tare da ta ƙirga ɗaya-ɗaya ba. Za ta ce 6, 12, 18, 24, 30. Sai ki juya kiret ɗin ta ɗaya gefen ki sake tambaya. Yanzu layi 6 ne na biyar-biyar: 5, 10, 15, har 30. Ki tambaye ta ko ƙwan ya ƙaru da kika juya. Za ta yi miki dariya. Nan take ki sa ta rubuta abin da ta gani, 5 × 6 = 30 da 6 × 5 = 30, da hannunta. Daga nan ki tara murafen kwalabe a gwangwani, ki riƙa cewa ta jera miki layi 4 na bakwai-bakwai, ko layi 3 na tara-tara, ta faɗi jimla, ta zana ɗigo-ɗigo a takarda yadda ta jera, sannan ta rubuta lambar. Hannu, zane, lamba, a jere haka. Mako biyu ko uku a kan wannan ba ɓata lokaci ba ne, ko da babanta zai leƙo ya ce ai ga wasan da yake faɗa. Shagon ma cike yake da tambayoyi: jakar fiya wata guda 30 ce a ciki, jaka 4 nawa ke nan? Allon wasan oware da take gani a unguwa rami 12 ne, kowanne da ƙwaya 4, ta gano da kanta cewa 48 ne.

Juya kiret ɗin nan ya rage mata kusan rabin aikin. Jadawalin 12 sau 12 amsa 144 ne a ido, amma in ta yarda cewa 3 sau 8 da 8 sau 3 abu ɗaya ne, 78 suka rage. Cikin 78 ɗin ma yawancinsu ba sai an haddace ba, ana fito da su ne daga abin da ta riga ta sani. Gidan 1 da gidan 10 kyauta ne. Gidan 2 ninki ne, gidan 5 kuwa duk yarinyar da ta ƙirga takardun sidi biyar-biyar ta san shi. Gidan 4, a ninka a sake ninkawa: 7 ya zama 14, ya zama 28. Gidan 3, a ninka a ƙara kashi ɗaya: 8 ya zama 16, a ƙara 8, 24. Gidan 9 ki ba ta shi da harshen shago: mai saye ya ɗauki kaya 10 a kan sidi 7 kowanne, kuɗinsa 70, sai ya mayar da ɗaya, saura 63. Gidan 12 kuma goma ne da biyu: 12 sau 7 shi ne 70 da 14, wato 84. Gidan 11 ma haka, goma da ɗaya. In kika kwashe waɗannan duka, masu taurin kai guda shida ne kacal suka rage, na tsakanin 6 da 7 da 8: 36, 42, 48, 49, 56, 64. Ki faɗa mata haka ƙarara, ki rubuta su a kwali ki liƙa a jikin ƙofar shago. Yarinyar da ta ɗauka dutse 144 ne a gabanta, in aka ce mata shida ne, numfashinta ma sai ya sauya.

Su ma shidan suna da hanyar tsira in mantuwa ta zo. 7 sau 8 da ke ba ta wahala: ta ɗauki 8 sau 5, 40 ke nan, ta ɗauki 8 sau 2, 16, ta haɗa, 56. Wannan fasa lamba gida biyu shi ne abin da za ta rayu da shi har sakandare. Da shi za ta yi 14 sau 6 a ka, 60 da 24. Da shi za ta yi 23 sau 15 in ta zana akwati mai ɗaki huɗu, ta sa 20 da 3 a sama, 10 da 5 a gefe, ta cike ɗakunan da 200 da 30 da 100 da 15, ta tara ta sami 345. In malaminsu ya nuna musu hanyar jerawa sama da ƙasa, inda ake sa sifili a layi na biyu, akwatin ne zai gaya mata dalilin sifilin: da 10 ake ninkawa a layin, ba da 1 ba.

Kada ki fahimce ni da cewa ina ƙin hadda. Wasu masu sabon salo suna magana kamar hadda laifi ce, ni ban tare da su. Yaron da sai ya yi dabara kafin ya sami 6 sau 7 zai gaji a tsakiyar doguwar rabawa, ya manta inda ya dosa. Dole amsoshin su zo su zauna a bakinta. Rigimata da lokacin haddar ne da yadda ake yin ta. Bayan ta gane, ki yanka kwalin taliya ƙanana-ƙanana, tambaya a gaba, amsa a baya, ki cakuɗa su, kada su zo a jere. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Wanda ta amsa nan take ki ware shi gefe sai bayan kwana uku, wanda ta yi jinkiri a kansa ya dawo gobe. In ta kuskure kada ki ce "a'a", ki ce "nuna mini yadda kika yi". Sau da yawa tana cikin nunawa za ta kama kuskuren da kanta. Kuma ki zaɓi lokacin da cikinta ba ya kuka. Yarinyar da ta taso daga boko ta wuce makarantar yamma ta dawo ta yi wanke-wanke, ba a tsare ta da 8 sau 8 ƙarfe tara na dare.

Yanzu rabawa, inda hawayen yake. Fuska biyu gare ta, kuma yawancin yara ɗaya aka nuna musu. Ta farko rabo: alewa 24, yara 4, kowa nawa zai samu? Ta biyu kasawa: tumatir 24, ana kasa shi huɗu-huɗu, kashi nawa za a samu? A takarda duka biyun 24 ÷ 4 ne, amsa 6, amma abin da hannu ke yi ya bambanta. Ta biyun ita ce mai kasa tumatir a kasuwar Kejetia ke yi tun safe har yamma, kuma ita ce ke buɗe doguwar rabawa, domin "4 nawa ne a cikin 24" ita ce tambayar da ake yi a kowane mataki. Ki sa ta yi duka biyun da murafe, ta faɗi da bakinta wanne take yi.

Sannan ki nuna mata cewa ba sabon jadawali za ta koya ba. Ki rubuta lamba uku a kwali ɗaya, 6 da 7 da 42, ki rufe ɗaya da babban yatsa. In kika rufe 42, tambayar sau ce. In kika rufe 7, ta zama rabawa: me zan ninka sau 6 in sami 42? Kwali ɗaya, jimla huɗu. Ranar da ta gane cewa duk amsar sau da ta sani ta ba ta amsar rabawa biyu a kyauta, rabin tsoron ya tafi.

Ragowa kuma kada ki bari ta zama wani ɗan harafi da ake rubutawa a gefen amsa. Ki tambaye ta: mutum 14 za su biki a Asawase, kowane pragya, wato keke mai ƙafa uku, yana ɗaukar 3, guda nawa za a tsayar? Lissafi zai ce 4, saura 2. Yarinya mai hankali za ta ce 5, don ba a barin gwaggo biyu a bakin titi. Ƙwai 14 a raba wa gida 4, kowa 3, biyu su koma kiret. Sidi 14 a raba wa yara 4, ba abin da zai rage, kowa ya sami sidi 3 da fesuwa 50. Abin da ake rabawa shi ke faɗin yadda za a yi da ragowa, kuma a irin wannan ne tambayoyin labari na jarrabawa ke kama yara.

Doguwar rabawa da kuɗi za ki koya mata, kuma a nan kin fi malamin littafi. Ki yanka takardu ki rubuta 100 da 10 da 1, ko ki fito da na gaske in kin amince da hannunta. Sidi 432 za a raba wa mutum 3. Takardun ɗari guda 4 ne, kowa ya ɗauki ɗaya, saura ɗaya. Ya za a yi da ita? Za ta ce a yi canji, domin abin da take yi kullum ke nan. Ta zama goma-goma guda 10, a haɗa da 3 da ke nan, 13. Kowa ya ɗauki 4, saura ɗaya. A sake canji, sidi ɗaya-ɗaya guda 10 da 2 da ke nan, 12, kowa 4. Kowa ya tashi da 144. Ku yi shi sau biyu da kuɗi a kan tabarma, a na uku ta riƙa rubuta kowane mataki a takarda yadda malaminsu ke tsarawa. Abin da ake ce musu "sauko da 3" ba komai ba ne illa haɗa canjin da goma-goman da ke jira. Sai ki gwada ta da 612 a raba wa 6. Yara da yawa 12 suke rubutawa. Da kuɗi a hannu za ta ga kowa ya sami ɗari, goma guda ɗaya ba ta isa rabo ba don haka a rubuta sifili, sannan 12 ta ba kowa 2, amsa 102. Ki koya mata ta riƙa tambayar kanta kafin ta fara: amsar za ta kai ɗari ko ba za ta kai ba? In ta gama kuma ta ninka amsar ta ga ko ta koma inda aka fito.

Kin ce a aji shida kika tsaya. Ke da kika ga canjin kuɗi na 2007, lokacin da sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, har yau kuma in tsohuwa ta ce miki miliyan ɗaya kin san sidi 100 take nufi, kina raba lamba da dubu goma a ka ba ki kira shi lissafi ba. Abin da ba ki saba da shi ba shi ne tsarin rubutun, wannan kuwa ki sa ita ta nuna miki. Yaro yana son ya ga ya koya wa babba wani abu, kuma in tana bayani za ki ji daidai inda ta ɓace.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a cika faɗa ba. 'Ya'yanmu na Zango da Hausa suke tunani a gida, a makaranta tambaya da Turanci take zuwa, in malami zai sassauta kuma da Twi zai yi, tunda Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa a makarantun gwamnati. Yarinya na iya sanin lissafin sarai ta faɗi a kan jimlar. Duk tambayar labari da ta kawo gida, kafin ta taɓa biro ta ba ki labarin da Hausa: wa ke da me, me ake nema. In ta kasa ba da labarin, matsalar karatu ce, sai a nemi yayanta ko ɗan maƙwabta ya zauna da ita a kan Turancin.

Maigida kuma a bi shi da lalama, kada ki ƙalubalance shi a gabanta. Niyyarsa mai kyau ce, da haka aka koya masa, zai kuma ce miki icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma yarinyar da idonta ke kan bulala hankalinta ba ya kan lamba, abin da ta sani ma sai ya gudu. Hukumar ilimi ta Gana, GES, ta hana duka a makarantu tun 2017, bai kamata abin da aka fitar daga aji ya tare a tsakar gida ba. Ki roƙe shi wata ɗaya ba bulala, ki kuma ba shi nasa aikin, don uba ba ya son a ce ya koma gefe. Bayan Magariba carbi na hannunsa: 33 sau 3 nawa ne? Raka'a 17 ake yi a yini, nawa ke nan a mako? Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, sumuni nawa duka? In za ta sauke a kwana 30, izu nawa a rana? Amsoshin 99 ne da 119 da 480 da 2, ki riƙe su a ranki don kada a kama ki.

Darasin yamma, ni dai in kuɗina ne ba zan fitar yanzu ba. Yawancinsa abin da aka yi da safe ne ake maimaitawa ga yaran da suka gaji. In kin ga dole, ki je ki zauna a baya rana ɗaya. In kika ji rerawa kawai, ki riƙe kuɗinki. In kika ga malami ya tsuguna kusa da yaro yana tambayarsa yadda ya sami amsa, wannan ya ci a biya shi.

Abu ɗaya ne zai sa in sauya magana. In kun yi zangon karatu guda kuna wannan ba abin da ya motsa, ko kika lura tana rikita 47 da 74, ko har yanzu sai da yatsu take haɗa 6 da 3, ko tana matse ido in tana kallon rubutu daga nesa, to a fara kai ta a duba idonta, sannan ki je wurin malamin ajinsu ku zauna. Ki je da littafinta a hannu ranar da ba a cikin hayaniya, ki gaishe shi da kyau, ki ce so kike ya nuna miki a wane mataki take tsayawa da kuma salon da yake bi a aji, don kada ku riƙa ja mata hanya biyu. Ki roƙe shi kuma ya dawo da ita layin gaba.

Ki rubuto mini bayan hutun zango in ji inda shidan nan suka kwana. A gaida maigida.